Gem ɗin Japan mai tsohon yayi: abin da yake ba ka da abin da yake ci

Ranar Laraba, 10 ga Fabrairu, 1988, aka fito da wani kaset ɗin gem a Japan mai suna Dragon Quest III. Tun da daddare mutane suka kafa layi a ƙofar shagunan Tokyo cikin hunturu. Manya suka yi fashin aiki, yara suka gudu daga makaranta, har 'yan sanda suka tsinci ɗaruruwan ɗalibai a waje da lokacin aji. Wasu yaran ma a hanyar komawa gida aka tare su aka ƙwace musu kaset ɗin. Daga nan kamfanin Enix ya koma fitar da sababbin Dragon Quest a ranakun hutu. Za ku ji ana cewa wai gwamnati ce ta kafa doka a kan haka. Babu wata doka, kamfanin ne da kansa ya ga abin ya yi yawa.

Yaran da suka tsaya a layin nan yau duk sun ba shekara 40 baya, wasu sun haura 50, suna da albashi da iyali da kewar ƙuruciya. A watan Nuwamba 2024 aka sake fito musu da wannan Dragon Quest III ɗin cikin sabuwar riga, kafin wata guda ya cika an sayar da fiye da miliyan 2. Ƙannena, ku riƙe wannan a zuciya tun yanzu: yawancin waɗannan wasanni masu kama da na da, waɗancan mutanen aka yi wa su. Ku da kuka taso da wayar hannu da ƙwallon PlayStation a gidan gem na unguwa, baƙi ne ku a wannan biki. Baƙon kuwa yana da wata dama da ɗan gida ba shi da ita, domin shi babu kewar da za ta rufe masa ido. Zai iya ɗanɗana abin ya faɗi gaskiya.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, tsarin bai da wuyar fahimta. Wani yaro ne a ƙaramin ƙauye, masifa ta taso, sarki ko wani dattijo ya aike shi. Ya fita da sanda ko tsohon takobi, ya bi gari-gari, ya haɗu da abokan tafiya, wannan mai sihiri, wancan mai magani, wancan ɓarawo ne da ya tuba. A daji dodanni su tare su. Faɗan kuwa ba na saurin yatsa ba ne. Komai tsayawa yake yi sai ka zaɓa: a kai sara, a yi sihiri, a sha magani, ko a ari ta kare. Kai ka yi naka, dodo ya yi nasa, kamar masu dara a gindin bishiya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ɗaga hannu. In ka yi nasara a ba ka kuɗi da maki, makin ya taru ka hau mataki, ƙarfinka ya ƙaru. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko ya saba da littattafan yaƙi na marubutanmu na Kano ba zai ji baƙunci ba, tafiyar neman wani abu mai wuyar samu ce, ana cin karo da abin mamaki a kowane zango.

Abin da ya fi burge ni a waɗannan wasanni shi ne yadda talaucin na'ura ya haifi gwaninta. Dragon Quest na farko, wanda ya fito a 1986 a kan na'urar Famicom ta Nintendo, duka-dukansa kilobayit 64 ne. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yau ya ninka shi sau da yawa. Wurin ya yi ƙunci har sai da Yuji Horii, wanda ya tsara wasan, ya zubar da mafi yawan haruffan katakana na rubutun Japan, ya riƙa zaɓen sunayen garuruwa da dodanni daga 'yan haruffan da suka rage. Shi Horii ya ga wasannin kwamfuta na Amurka ne, Wizardry da Ultima, masu wahalar gaske, ya ƙudura sai ya mayar da su abin da ɗan firamare zai iya da madannai biyu. Da aka gwada wa yara wasan aka ga suna fita daji su ɓace ba su san abin yi ba, sai ya sa a fara wasan a cikin ɗakin sarki a kulle. Ba za ka fita ba sai ka yi magana da mutane, ka buɗe akwati, ka ɗauki makulli, ka buɗe ƙofa, ka sauka daga bene. Kafin ka ga rana ka riga ka koyi duk abin da kake bukata, ba tare da wani ya tsaya yi maka darasi ba. Da ka fito daga fada kuma, ga gidan babban bos can tsallaken ruwa, kana ganinsa ƙuru-ƙuru, amma sai ka zagaye duniyar wasan gaba ɗaya kafin ka taka shi.

Zanen dodannin kuwa Akira Toriyama ne ya yi, mai Dragon Ball da da yawanku kuka sani, wanda ya rasu a 2024. An ce masa ya zana wani dodo mai yauƙi, sai ya zano ɗigon ruwa shuɗi mai zagayayyun idanu yana murmushi. Yau wannan ɗan dodon ya zama tambarin wasan. Kiɗan ma haka. Famicom 'yan muryoyi ƙalilan take iya fitarwa a lokaci ɗaya, don haka Koichi Sugiyama na Dragon Quest da Nobuo Uematsu na Final Fantasy, wanda ya fito a 1987, ba su da inda za su ɓuya. Karin da bai da daɗi ba abin da zai rufa masa asiri. Shi ya sa har yanzu ake cika manyan ɗakunan taro ana sauraren waɗannan kiɗe-kiɗe da cikakkiyar tawagar makaɗa.

Sai kuma abin da ido bai gani ba. Jarumin da aka zana da 'yan ɗigo-ɗigo ba shi da fuskar kirki. In zai nuna baƙin ciki, sunkuyar da kai kawai zai yi, saura kai za ka cike da zuciyarka. A Final Fantasy VI na 1994 akwai wurin da wata jaruma mai suna Celes take rera waƙa a dandamali, muryar ba ta mutum ba ce, wani gurnani ne na na'ura, amma mutane da yawa sun zubar da hawaye a wurin. A tsakiyar wasan nan mugun ya yi nasara, duniya ta tarwatse, ka farka a wani tsibiri ka shiga neman abokanka ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan a kaset ɗin da bai wuce megabayit 3 ba. Da tsohuwar zuma ake magani, a nan dai karin maganar ta yi gaskiya.

Akwai kuma alfanun da ya shafe mu kai tsaye. Tsofaffin nan ba sa neman waya mai tsada. Dragon Quest da yawa, da Chrono Trigger, da Final Fantasy shida na farko duk an sake su a Android, ba su cika cin batir kamar manyan wasannin harbi ba, kuma ba sa neman yatsa mai sauri ko intanet mai ƙarfi. Karatu ne zalla daga farko har ƙarshe, don haka wanda ya dage da su Turancinsa zai motsa, tunda babu wanda aka fassara da Hausa. Sai dai a yi hattara, wasu jaruman wani tsohon Turanci na ƙarya suke yi don a ji ƙamshin zamanin da, kada wani ya kwashe shi ya kai wa mai makin WAEC.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Horii ya gina wasansa a kan wata aƙida mai daɗin ji: duk wanda ya dage zai kai ƙarshe. A Dragon Quest in aka kashe ka, rabin kuɗinka ne ke tafiya, amma makin da ka tara yana nan. Bos ya gagare ka? Koma daji ka yi ta kai-kawo kana kashe ƙananan dodanni, bayan awa biyu ka dawo ka fi shi ƙarfi. Ba ka ƙara wayo ba, ba ka ƙara iyawa ba, lambobi ne kawai suka hau. Wannan shi ne zaƙin abin, shi ne kuma dafinsa. A duniyar da mutum zai gama digiri ya yi shekaru yana yawo da takardu, ko ya yi noma ruwa ya ɗauke, ga wani wuri da kowane minti ka zuba sai an biya ka, da ɗan kiɗan taya murna a kai. Zuciya tana son haka ƙwarai. Za ka tashi daga wasan da jin ka yi aiki, ka ci gaba, alhali abin da ka yi bai wuce danna madanni ɗaya sau ɗaruruwa ba. Na ga saurayi a shagon cajin waya, babban yatsansa na kan allo yana dannawa, idonsa na kan masu wucewa a titi, ko kallon faɗan ba ya yi. Da aka tambaye shi me yake yi, cewa ya yi yana tara ƙarfi ne. Wasan da za a iya bugawa ba tare da an kalle shi ba, a wannan lokacin ya daina zama wasa.

Ku san kuma dalilin da ya sa aka cusa wannan kai-kawon tun asali. Kaset tsada ne da shi. Final Fantasy VI da Chrono Trigger kowanne yen 11,400 aka sa masa a Japan. Yaro kaset ɗaya ko biyu zai samu a shekara, dole ya daɗe yana ci. Wurin ajiya kuma ba ya isa a zuba labari mai tsawo, sai aka miƙar da ɗan abin da ke akwai da yawan faɗa. Dodannin da ke faɗo maka ba ka gan su ba, duk 'yan taku kaɗan allo ya juye, su ma dabara ce ta na'urar da ba ta iya nuna abubuwa da yawa suna yawo lokaci ɗaya. Wato abubuwa da dama da ake sayar muku yau da sunan ɗanɗanon asali, larura ce ta wancan zamani. Masu yin wasannin da kansu sun fara zubar da su da zarar sun samu hali. EarthBound na 1994, in ka fi dodo ƙarfi nesa ba kusa ba, ba a ma shiga faɗan, nan take a ba ka nasara. Chrono Trigger na 1995 ya fito da dodanni fili kana ganinsu, da yawa ma za ka iya kauce musu, kuma mutum zai gama labarinsa cikin awa ashirin da 'yan kai ba tare da ya tsaya noman maki ba. Da Square Enix ta sake fitar da tsofaffin Final Fantasy a kan Switch da PlayStation 4 a 2023, sai ta sa madannin kashe faɗan ba-zata gaba ɗaya, da wani na ninka maki har sau 4. In masu abin sun yarda a tsallake, kada wani ɗan gani-kashe-ni a intanet ya sa ku jin kunya wai ba ku buga na gaskiya ba. Ku kunna madannin.

Sababbin da ake yi da kamannin tsofaffi ma sai an tantance. Ɗauki Octopath Traveler na 2018. Ido ba ya ƙoshi da shi: mutanen 'yan ɗigo-ɗigo ne irin na da, amma ruwa na sheƙi, fitila na jefa inuwa, dusar ƙanƙara na walƙiya. Babu na'urar 1994 da za ta iya wannan. Ba yadda wasannin suke a da aka zana ba, yadda masu kewa suke tuna su aka zana. Faɗansa kuma akwai tunani. Kowane dodo na da garkuwa mai lamba da wasu makamai da yake tsoro. In ka gano cewa mashi ko wuta ce lagonsa, kowane bugu zai rage lambar, in ta kai sifili ya sume ya rasa zagayensa. Kai kuma kana tara wasu maki, ɗaya a kowane zagaye, don ka sauke su gaba ɗaya daidai lokacin da ya faɗi. Iya lissafin yaushe za ka fasa garkuwar, yaushe za ka riƙe hannu, nan daɗin yake, kuma wannan gwaninta ce ta gaske.

Amma labarin fa? Jarumai takwas ne, kowa da nasa, suna tafe tare amma kamar ba su san juna ba. In aka shiga babin ɗaya, sauran sai su ɓace daga fage. Ga Ophilia mai hidimar ɗakin ibada, ga Therion ɓarawo yana yashe aljihun mutanen gari a gabanta, ko tari ba ta yi. Kowane babi kuma tafiyarsa ɗaya: shiga gari, ji matsala, shiga kogo, kashe bos. Haka za ka yi sau 32. Bravely Default na 2012 ya fi wannan ƙarfin hali, domin a rabinsa na biyu sai ya sa ka sake kashe manyan dodanni huɗun da ka riga ka kashe, ka sake, ka kuma sakewa. Tsofaffin da ake kwaikwayo ba su yi wannan ganganci ba. Kwaikwayon riga yana da sauƙi, abin da ke cikin rigar ne ke gagara.

Kada kuma ƙananan hotunan su ruɗe ku ku ɗauka kayan yara ne. Labarin Primrose a Octopath ya ratsa ta gidajen karuwai da cinikin mata. Omori na 2020, mai zane kamar littafin 'yan nazare, a kan ciwon damuwa da kashe kai yake. Dragon Quest da yawa akwai gidan caca a cikinsu, ko da yake da kuɗin wasa ake yi. Ta fuskar addini kuwa, marubutan Japan suna tsintar sunaye daga kowace al'umma su yi ado da su: Ifrit da Bahamut daga Larabawa, Shiva daga Indiya, Odin daga arewacin Turai. A coci ake ajiye wasa a yawancin Dragon Quest, limamin cocin ne kuma ke tayar da wanda ya mutu, sannan ba abin mamaki ba ne bos na ƙarshe ya yi da'awar allantaka. Babba mai hankali ya san tatsuniya ce, ya kuma san inda zuciyarsa ba ta natsu ba. Ƙaramin ƙaninka bai sani ba, don haka kada ka miƙa masa waya ka juya baya.

Wanda na fi jin tsoro a kanku shi ne na kyauta. Kamfanonin sun gane cewa kewa kuɗi ce, sai suka ɗauki tsofaffin jarumai suka zuba su a wasannin waya da ake saukewa ba ko sisi, amma jarumi mai ƙarfi sai ka sayi ƙuri'a ka ja, ko ya fito ko kada ya fito. Gacha ake ce wa tsarin. Tun 2012 hukumar kare masu sayayya ta Japan ta haramta wani nau'insa, a 2018 kuma Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca. Final Fantasy Brave Exvius ya kasance cikin fitattunsu, da zanensa na ɗigo-ɗigo mai jan hankali. A watan Oktoba 2024 aka rufe wanda ake bugawa a wajen Japan. Duk wanda ya zuba kuɗi da shekaru yana tara jarumai, ranar nan ya wayi gari ba shi da komai. Kaset ɗin 1988 kuwa, in ka same shi da na'urarsa, har gobe zai tashi. Wasan da ke ba ka kyauta don ka leƙo kullum, yana ƙirga maka kwanakin da ba ka yi fashi ba, ba nishaɗinka yake nema ba. Wanda ake biya sau ɗaya a mallaka, mai farko da ƙarshe, ya fi muku kwanciyar hankali ko da kuɗinsa ya ɗan ciji aljihu.

Sauran magana ta lokaci ce, kuma ba sai na ja ta ba. Wasan da ke cin awa 60 ko 80 ba na makon jarrabawa ba ne. Tsofaffin asali ba ko'ina suke bari a ajiye wasa ba, sai an kai wani wuri na musamman, abin da ke sa mutum ya ji kiran salla ya ce bari in kai wurin ajiya, ko a aike shi ya tsaya ƙunƙuni. Sababbin fitarwa yawanci suna ajiyewa da kansu, don haka wannan uzurin ya faɗi. Faɗan ma jiranka yake yi. Dodon Dragon Quest zai tsaya cak har ka je ka dawo.

In za ku fara, ku fara da Chrono Trigger. Horii da Toriyama da Hironobu Sakaguchi mai Final Fantasy ne suka haɗu a kansa, gajere ne, kuma ba ya wasa da lokacin mutum. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: wasan da ya kai awa biyar bai sa ka tsaya ka yi tunani ko sau ɗaya ba, ajiye shi, kada ka saurari masu cewa sai an kai awa 30 yake fara daɗi.

Daga nan ku duba abin da waɗanda ba Japanawa ba suka yi da wannan gado, domin su ma baƙi ne kamarku, kuma ba su ji nauyin taɓa shi ba. Toby Fox, Ba'amurke, ya taso da son EarthBound, sai ya yi Undertale a 2015 ya tambayi abin da ba a saba tambaya ba: dole ne a kashe dodon? A wasansa za ka iya lallashin kowane abokin gaba ka wuce ba ka zubar da jini ba, in kuwa ka zaɓi kisa don tara ƙarfi, wasan zai riƙe maka shi har ƙarshe. Sabotage Studio na Kebek a Kanada suka yi Sea of Stars a 2023, suka cire faɗan ba-zata, suka sa danna madanni daidai lokacin sara ya ƙara masa ƙarfi, don kada hannu ya yi barci, har suka gayyato Yasunori Mitsuda mai kiɗan Chrono Trigger ya sa musu hannu. Matthias Linda kuma, Bajamushe, kusan shi kaɗai ya yi shekaru wajen 7 yana gina Chained Echoes, ya fito a 2022. Shi ya tumɓuke tsohon tsarin hawa mataki daga tushe. Bayan kowane faɗa lafiyar jarumanka na dawowa cif, ba sai ka koma gari neman masauki ba, kuma sababbin dabarun yaƙi sai ka kayar da babban bos ake ba ka damar buɗe su. In bos ya gagare ka a wasan Linda, yawo a daji ba zai fisshe ka ba, sai ka zauna ka sake shirin mutanenka, ka gano abin da kake yi ba daidai ba.